Bari wasan ya nemi lissafin da kansa: yadda ake koya wa yara kodin da ƙirƙirarriyar basira ta hanyar haɗa gem

Idan aka ce wa yaro ɗan shekara tara akwai lambobin da suke ƙasa da sifili, zai gyaɗa kai, ya rubuta a littafi, bayan mako biyu kuma ya manta. Amma a ba shi kyanwar da ke kan allon Scratch, manhajar da yara suke rubuta kodin a cikinta ta hanyar haɗa tubalan umarni, a nuna masa cewa ƙara 5 yana tura ta dama, sannan a ce ya mayar da ita hagu. Zai yi ta lalube har ya gano cewa sai ya sa alamar ragi a gaban biyar ɗin. Daga ranar ya san amfanin wannan alama, domin ita ce ta warware masa matsalar da ta tsaya masa a rai. Duk dabarar koyarwa ta hanyar haɗa wasan bidiyo a nan take: malami ya riƙe lissafin a hannunsa, kada ya sake shi sai wasan ya lalace ta yadda babu mai gyara shi sai wannan lissafin. Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1967 Seymour Papert da abokan aikinsa suka fito da harshen kwamfuta na Logo a kan wannan turba, Scratch kuma, wanda rukunin Mitchel Resnick na jami'ar MIT da ke Amurka ya fitar a 2007, jikan Logo ne.

Maganar kayan aiki gajeriya ce. 'Yan shekara 5 zuwa 7 akwai ScratchJr, wanda tubalansa hotuna ne, ba sai yaro ya iya karatu ba. Daga 8 zuwa sama Scratch ne, kyauta ne, kuma akwai wanda ake saukewa a kwamfuta a yi aiki da shi babu intanet. Idan hannu ya faɗa, kuma yaro ya iya buga rubutu ba tare da neman kowane harafi ba, sai a koma Python, harshen kodin da ake bugawa a rubuce, da Pygame Zero, kayan haɗa gem a cikinsa. Manyan injinan haɗa gem irin su Godot da Unity a bar su sai can gaba. A ganina gaggawar kai yaro can ɓata lokaci ce, domin zai ƙare yana koyon inda maɓallai suke maimakon yadda ake tunani.

Wasan farko ya zama ƙarami ƙwarai: wani abu yana faɗowa daga sama, ɗan wasa yana ƙasa yana tare shi. Filin Scratch faɗinsa ɗigo 480 ne, tsayinsa 360, sifili kuma a tsakiya yake. Wato x yana tafiya daga -240 zuwa 240, y daga -180 zuwa 180. Kafin a ja tubali ko ɗaya, a sa yaro ya riƙa jan kyanwar da linzami zuwa kusurwoyi huɗu yana karanta lambobin da suke canzawa, sannan a juya abin: a faɗi lambobi, shi kuma ya nuna wurin da yatsa kafin a gwada. Minti goma sun isa.

Sai gudu. Tubalin maimaitawa na har abada yana zagayawa kusan sau 30 a daƙiƙa idan akwai motsi a cikinsa. Idan kyanwa tana matsawa ɗigo 5 a kowane zagaye, ɗigo 150 ke nan a daƙiƙa, za ta ratsa filin cikin daƙiƙa 3.2. Kada a faɗa wa yaro wannan amsar. A tambaye shi daƙiƙa nawa yake zato, ya rubuta, a auna da agogo, sannan a ce ya nemo lambar da za ta sa ta ratsa cikin daƙiƙa 2 daidai. Wasu za su yi ta gwaji har su faɗa kan 8. Wasu za su raba 480 gida 60. Duka biyun hanya ce, kuma mai gwajin yakan koma rabawa da kansa idan ya ga ɗan'uwansa ya riga shi gamawa.

Kuskuren farko da kusan kowane yaro yake yi yana zuwa ne wajen maki. Ya rubuta cewa idan ɗan wasa ya taɓa abin da ke faɗowa a ƙara maki 1, sai ya ga taɓawa ɗaya ta ba shi maki 12 ko 20. Dalili shi ne kwamfuta tana yin tambayar sau 30 a daƙiƙa, kuma muddin hotunan biyu suna manne amsar e ce. Gyaran shi ne da zarar an ƙara makin a mayar da abin sama nan take. Kuskure na biyu ƙanin wannan ne: an sake fara wasa amma makin jiya yana nan, saboda ba a mayar da ma'ajiyar makin, wato wurin da kwamfuta ke riƙe lambar, sifili a farkon wasa ba. Waɗannan biyun sun fi kowane dogon bayani koya wa yaro mece ce ma'ajiyar lamba da kuma yadda zagaye yake aiki, don haka kada malami ya yi riga malam masallaci ya toshe su tun kafin su faru.

Idan aka zo sakin abokan gaba ba tare da tsari ba, lissafin yiwuwa ya shigo. A kowane zagaye a zaɓi lamba tsakanin 1 da 30, idan ta faɗo 1 a saki ɗaya. A matsakaici ɗaya ke nan a daƙiƙa. Yara sukan yi ƙorafi cewa wasan ya lalace, don wani lokaci uku suna fitowa a jere, wani lokaci kuma shiru. Bai lalace ba. Yiwuwar daƙiƙa guda ta wuce babu ko ɗaya ta kai kusan 36 cikin 100. A sa su ƙirga abin da ya fito cikin minti guda, sau biyar, su ga jimillar tana kewaya 60 ko da yake kowace daƙiƙa da halinta. A nan ne kuma ake haɗuwa da matsalar kwafi, domin kowane abokin gaba kwafi ne na hoto guda. Scratch ba ya barin kwafin hoto ya wuce 300 a lokaci guda, saboda haka idan ba a share wanda ya fita daga fili ba, can sai abokan gaba su daina fitowa. Akwai wadda ta fi wannan ban dariya: idan umarnin yin kwafi yana ƙarƙashin saƙon da ake aikawa kowa, su ma kwafin suna jin saƙon, kowanne ya haifi nasa. Daga 1 zuwa 2, 4, 8, 16, a aikawa ta takwas an kai 256, a ta tara an bugi iyaka. Yaron da ya ga allonsa ya cika cikin ƙiftawar ido ya ga abin da ninki yake yi.

Wurin da lissafi ya fi nuna kansa shi ne motsi. A ba ɗan wasa damar tafiya ta fuskoki huɗu, ɗigo 5 kowace fuska. Ba za a daɗe ba wani yaro zai lura cewa idan ya danna sama da dama tare ya fi sauri, kuma zai yi ta cin abokansa tsere da wannan sirrin. Gaskiyarsa ne. Biyar a kwance da biyar a tsaye suna ba da tafiyar ɗigo 7 da ɗan ɗoriya a karkace, ƙarin kusan kashi 41 cikin 100. A zana alwatikar a takarda mai gidaje, a auna dogon gefen da rula, sannan a kawo ƙa'idar Pythagoras: 25 da 25 sun zama 50, lambar da za a ninka da kanta ta ba da 50 kuwa ita ce 7.07. Gyaran: idan maɓallai biyu ne a danne, a ninka kowane gudu da 0.7. Wannan ƙa'idar ita ce za ta dawo wajen auna nisa tsakanin ɗan wasa da abokin gaba, da wajen gane ko ƙwallaye biyu sun yi karo, wato idan nisan tsakiyarsu bai kai jimillar rabin faɗinsu ba.

Tsalle ya fi daɗi. Yawancin yara suna fara shi da hawa ɗigo 10 sau goma, sauka ɗigo 10 sau goma, sai su ga abin babu rai, kamar ana jan ɗan wasan da igiya. Abin da ya ɓace shi ne nauyi. A buɗe ma'ajiya ta gudun sama. Idan an danna tsalle a sa mata 12. A kowane zagaye a ƙara wa y abin da ke cikinta, sannan a rage ta da 1. Ɗan wasa zai hau 12, sai 11, sai 10, har zuwa 1, ya tsaya cak, lambar ta koma ƙasa da sifili, ya fara saukowa yana ƙara sauri. Tsayin tsallen jimillar 1 zuwa 12 ne, wato 78. Yanzu a ce da yaro ya ninka tsayin tsallen. Zai sa 24, ɗan wasa kuma ya tashi ɗigo 300, saura kaɗan ya cinye tsayin filin gaba ɗaya. Ninka gudu biyu yana ninka tsayi kusan huɗu. Amsar da yake nema 17 ce, mai ba da 153. Wanda ya kai shekara 11 ko 12 za a iya nuna masa gajeriyar hanya: a ninka lambar da wadda ta fi ta da ɗaya a raba biyu. A kula da jerin tubalan, don idan aka rage gudun kafin a motsa, tsayin 66 zai zama. Yara biyu masu lambobi iri ɗaya da tsalle daban, a nan bambancinsu yake.

Akwai matsaloli uku na karo da suke cinye lokacin aji idan malami bai san su ba. Ta farko, ƙwallo ta maƙale a bango tana karkarwa. An rubuta cewa idan ta taɓa bango a juya alamar gudunta, amma a zagaye na gaba ba ta gama fita ba, sai a sake juyawa, ta koma ciki. Maganinta a daina juyawa a makance: a bangon dama a tilasta gudun ya zama na ragi, a na hagu ya zama na ƙari. Ta biyu, harsashi ya ratsa bango ba tare da an ji ba. Idan yana tafiyar ɗigo 30 a zagaye, kaurin bangon kuma 10 ne, zai iya kasancewa a gaban bango yanzu, a zagaye na gaba yana bayansa. Ko a rage gudu, ko a ƙara kauri, ko a raba tafiyar gida shida ana dubawa bayan kowane ɗigo 5. Ta uku, ɗan wasa ya nutse ta cikin ƙasa saboda an ce ya tsaya idan y ya yi daidai da -120, shi kuwa daga -115 ya tsallaka -127. A yi amfani da "ya gaza" maimakon "ya yi daidai", sannan a ɗora shi a kan -120 ɗin.

Ranar da aka koma Python, kada a fara sabon wasa. A sake gina wanda yaro ya riga ya haɗa a Scratch, domin hankalinsa ya tsaya kan sabon rubutun kaɗai. Abubuwa uku za su ba shi mamaki. Sifili ya koma kusurwar sama ta hagu, y kuma yana ƙaruwa ne idan ana sauka, don haka tsallensa zai nufi ƙasa sai ya juya alamomi. Pygame Zero yana sabunta allo sau 60 a daƙiƙa, komai zai ninka sauri. Kusurwa kuma ba da digiri ake ba wa sin da cos (umarnin lissafin kusurwa) ita ba, sai an mayar da ita radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban. Ƙananan tarkuna su ne tazarar farkon layi, da rikita = da ==, da manta kalmar global idan ana canza maki a cikin update, sashen kodin da ke gudana a kowane zagaye. Akwai wani mai wuyar ganewa: yaro ya sa wa fayil ɗinsa suna random.py, sai Python ya ɗauko nasa maimakon na asali, komai ya tsaya.

Ƙirƙirarriyar basira kuwa, ra'ayina shi ne a fara da wadda yaro zai rubuta dokokinta da hannunsa, kafin a je ga wadda take koyo. Pong, wasan tare ƙwallo da sanda biyu da kamfanin Atari ya fitar a 1972, ya isa darasin farko. Sandar kwamfuta doka biyu gare ta: idan ƙwallo tana samanki hau, idan tana ƙasanki sauka. Nan take matsala biyu za su fito. Sandar za ta riƙa rawa idan ta zo daidai da ƙwallo, sai an ce kada ta motsa in tazarar ba ta wuce ɗigo 5 ba. Kuma idan gudunta ya kai na ƙwallo, babu mai cin ta har abada. A sa mata 4, a bar ƙwallo ta kai 6 a hawa da sauka. Yaro zai gane cewa sauƙi da wuyar wasa lamba ce wani ya zaɓa.

Daga nan sai fatalwowin Pac-Man na 1980, wasan da fatalwowi suke bin ɗan wasa a cikin lunguna. Mai wasa yana jin kamar suna haɗa baki su yi masa ƙawanya, alhali kowace da 'yar dokarta. Ja tana nufar gidan da yake. Mai ruwan hoda tana nufar gida huɗu a gabansa. Mai ruwan lemo tana bin sa idan tana nesa, in ta matso kusa da gida takwas sai ta juya ta nufi kusurwarta. A sa yara su yi wannan da ƙafafunsu a fili mai gidaje kafin su taɓa kwamfuta, kowa da dokarsa a rubuce a takarda. Bayan haka su gina mai gadi mai hali uku: sintiri, bi, da komawa wurinsa. Ya fara bi idan nisa ya gaza 100, amma kada ya daina sai nisa ya wuce 140. Idan lamba ɗaya aka sa wa duka biyun, zai tsaya a bakin iyakar yana kai da komo.

Mai gadin nan zai maƙale a bayan bango na farko da ya tare shi, wannan ne lokacin neman hanya. A zana gidaje 10 sau 10, a baƙanta wasu su zama bango. A rubuta 0 a gidan ɗan wasa, 1 a maƙwabtansa, 2 a maƙwabtan waɗannan, har lambobi su isa mai gadi. Shi kuma kullum ya taka gidan da lambarsa ta fi ƙanƙanta. Shi ke nan, ya sami hanya mafi gajarta. Dabarar A* da aka wallafa a 1968, wadda wasanni da yawa suke amfani da ita, wannan ce aka ƙara wa hasashen nisan da ya rage. Wahalar a Scratch ita ce jerinsa layi ɗaya ne, sai an mayar da sahu da ginshiƙi lamba guda: a cire 1 daga sahu, a ninka da 10, a ƙara ginshiƙi. A Python ba a cire 1 ɗin, don daga sifili yake fara ƙirga.

Na'ura mai koyo ma ba ta buƙatar kwamfuta a ranar farko. A 1961 Donald Michie na Birtaniya ya haɗa kwalayen ashana 304 da 'yan duwatsu masu launi suka koyi wasan X da O. Ga ƙaramin samfurinsa da aji zai gama cikin awa guda. A ajiye tsinke 10, kowa yana ɗaukar 1 ko 2 ko 3, wanda ya ɗauki na ƙarshe ya ci. A jera kofuna masu lamba 1 zuwa 10, a zuba wa kowanne takardu uku masu 1, 2, 3, sai dai kofi na 1 takarda ɗaya, na 2 takarda biyu. Kofunan su ne na'urar, kuma su ke farawa. Idan tsinke 7 suka rage, a zaro takarda daga kofi na 7 ido a rufe, a ɗauki abin da ta ce. Idan na'ura ta faɗi, a yar da takardar da ta zara ta ƙarshe, sauran su koma. Idan ta tarar da kofi babu komai, ta sallama, a yar da takardar da ta kai ta can. Takardun banza 17 ne kacal a kofunan da take iya isa, don haka ba za ta faɗi fiye da sau 17 ba, daga nan babu mai cin ta. A leƙa kofunan: na 10 saura takarda mai 2, na 7 mai 3, na 6 mai 2, na 5 mai 1. Kullum tana bar wa abokin karawa 8 ko 4. Babu wanda ya gaya mata ragowar rabawa da huɗu, amma ga shi a cikin kofi. Abin lura a nan, idan yaro ya riƙa yi mata sassauci tana ci, ba za ta koyi komai ba, don ba a yar da takarda sai ta faɗi. Tushen tunanin, wato ƙarfafa abin da ya kai ga nasara da raunana abin da ya kai ga faɗuwa, yana cikin abin da aka horar da AlphaGo da shi, manhajar da ta doke gwanin wasan Go, Lee Sedol, da ci 4 da 1 a 2016. Mayar da kofunan nan jerin lambobi a Python aiki ne mai kyau ga ɗan shekara 12 zuwa sama.

Sai bayan wannan za a buɗe kyamara. Da Teachable Machine na Google yaro zai iya horar da na'ura ta bambance hannu a buɗe da hannu a dunƙule, a haɗa da wasa ta zama maɓallin tsalle. Hotuna 50 zuwa 100 na kowane rukuni sun isa farawa. A ƙara rukuni na uku na "babu komai", in ba haka ba na'urar dole ta zaɓi ɗaya cikin biyun ko da babu hannu a gabanta. Abin da ya fi lalacewa shi ne baya: an ɗauki buɗaɗɗen hannu kusa da taga, dunƙulallen kuma a gefen duhu, sai na'ura ta koyi haske ta bar hannu. Ana gane haka ne idan wani yaron ya gwada a wani wurin zama. A sake ɗauka da hannaye daban-daban, nesa da kusa, a wurare daban-daban, kuma a ware hotuna goma da ba a horar da ita da su ba don gwaji. Hannu da kayan wasa sun wadatar, babu dalilin ɗora fuskokin yara.

Game da manhajojin hira masu rubuta kodin da kansu, hana su ba zai yiwu ba, amma wasan da na'ura ta rubuta gaba ɗaya bai koya wa yaro komai ba. Sharaɗi ɗaya ya isa: duk layin da ya shiga wasanka, sai ka iya faɗin abin da zai faru idan aka canza lambar da ke cikinsa, kafin a gwada. A aji kuma yara biyu a kwamfuta ɗaya sun fi ɗaya, ɗaya yana bugawa ɗaya yana faɗa, su yi musanya duk minti goma. A ware lokacin zane daban, in ba haka ba awar za ta ƙare wajen zaɓar launin riga. Kafin kowane babban canji a adana kwafi mai lamba, wasa1, wasa2, wasa3, ta yadda idan abu ya rikice za a buɗe na baya a jera su a ga layin da ya bambanta. Idan yaro ya ɗaga hannu ya ce ba ya aiki, malami ya bar linzamin a hannun yaron, ya tambaye shi me ya zata zai faru, me ya faru, sannan ya sa shi ya fito da ma'ajiyar da ake zargi a kan allo, su kalli lambar tana canzawa yayin da wasan yake tafiya.